Renon Hannu: Gwanintar Ubangidan Ɗan Dambe

Idan aka yi kisa a filin dambe, kowa wurin wanda ya yi kisan yake rugawa. Makaɗi ya sauya take, maroƙi ya buɗe murya, masu liƙi su cika fili, a ɗaga gwani sama. Da wuya wani ya waiwayi dattijon da ke zaune a bakin fili da ragowar zare a hannunsa, alhali shi ya naɗa hannun da ya yi aikin, shi kuma ya rene shi tun yana ɗanye. Wannan mutum shi 'yan dambe ke kira ubangida ko maigida, kuma aikinsa yana cikin ayyukan da suka fi burge ni a ƙasar Hausa.

Abin da yake reno hannu ne guda ɗaya tak. Ɗan kokawa da jikinsa duka yake aiki, ɗan ƙwallo yana da ƙafa biyu, amma ɗan dambe jarinsa hannu ɗaya ne, dama ko hagu, in ya lalace sana'a ta ƙare. Koya wa saurayi bugu ba wani abin wahala ba ne, duk ƙarfafan yaro zai iya kai naushi. Inda gwaninta take shi ne a kai hannun nan ga cikar ƙarfinsa ba tare da an ƙone shi a hanya ba: maigida ya san ranar da zai ce wa yaronsa "shiga", ya kuma san ranar da zai ce masa "zauna".

Ƙasar noma, ƙasar fawa

Mu fara daga yankinmu. Ƙetare gunduma ce a ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina, hakiminta shi ke riƙe da sarautar Kanwan Katsina. Ita da yankunan Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce ta gaske, ta masara da dawa da auduga, ga kuma kiwo da manyan kasuwannin dabbobi irin ta Sheme. Duk inda noma da fawa suka haɗu a ƙasar Hausa, a nan dambe yake tsirowa. Asalinsa wasan mahauta ne, shi ya sa har gobe kalangu, kiɗan mahauta, shi ne kiɗansa. Lokacinsa kuwa kaka ce. In amfani ya shiga rumbu, aljihu ya yi nauyi, bukukuwa suka kankama, sai 'yan dambe su ɗauki makaɗansu su bi gari gari suna neman abokan karawa. In damina ta faɗi kowa ya koma gona.

Wannan tsari na kaka da damina yana da wata hikima da za mu sake tarar da ita a gaba: hannun ɗan damben zamanin da yana samun hutun watanni a kowace shekara, ba don wani likita ya rubuta ba, sai don fartanya ta karɓe shi.

Yankin ya yi iyaka da Zamfara, kuma daga can yamma, ƙasar Zamfara da Sakkwato, aka yi zamanin su Shago da Ɗandunawa, mazajen da Ɗan Anace ya dawwamar da sunayensu a waƙa. Kalmar shago ma laƙabi ce a dambe. A yau in ka ji an ce Shagon wane, to yaron wane ke nan da ya taso a hannunsa. Haka Bahagon wane, wato yaronsa mai bugu da hagu, da Autan wane, da Garkuwan wane. Mai bin dambe ya san Bahagon Sanin Kurna, da Autan Sikido, da Garkuwan Cindo, da Shagon Ɗan Digiri. Kowane ɗayansu in ya shiga fili da sunan wanda ya rene shi yake shiga, kuma yawanci ɓangaren maigidansa yake bi, Kudu ko Arewa ko Guramaɗa. In ya yi kisa, an yabi gidan da ya fito. In aka ga hannunsa ya mutu tun yana ɗan shekara ashirin, to gidan ne za a tambaya.

Ido kafin zare

Maigida na ƙwarai ba ya fara duba dantse. A dandali yake tsayawa ya kalli yara suna langa da kokawa da 'yar tsere. Yaron da ya daɗe a kan ƙafa ɗaya a langa bai faɗi ba, wanda aka ture shi ya yi tangal-tangal ya dawo daidai, wanda aka kawo masa hannu bai rufe ido ba, shi yake nema. Yana kuma duban hali. Yaro mai saurin fushi yakan zubar da dabararsa a turmin farko. Wanda aka kayar ya tashi ya kaɗe jiki ya tsaya yana nazarin yadda aka yi aka kayar da shi, wannan ana iya gina shi.

In ya ga abin da yake so, gidan iyaye yake fara zuwa, ko ya aika babba. Ba a ɗaukar ɗan mutane a sa masa zare a ɓoye. Uba ya ce ya yarda, uwa ta sa albarka, sannan yaro ya zama ɗan gida. Shekarunsa na farko a gidan ba na bugu ba ne. Shi ne mai riƙe zare, mai kawo ruwa, mai share wa manya gumi tsakanin turmi da turmi. Daga wannan wuri na bakin fili yake ganin abin da 'yan kallo ba sa gani: yadda babba ke auna nisa da tafin hannu, yadda yake jan numfashi, yadda yake yaudarar abokin karawa da kafaɗa. Yana ci gaba da zuwa gona da mahauta, yana ɗaukar kaya, yana jan guga, yana gudu da sassafe. Waɗannan su ke gina baya da ƙugu da cinya, wato inda naushi ke fitowa.

Naushi daga ƙasa yake tasowa

Ɗan kallo yana ganin hannu ne ya yi kisa. Maigida ya san hannu ɗan aike ne kawai. Ɗan dambe a karkace yake tsayawa, ƙafafu a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Hannu ɗaya a miƙe gaba, tafi a buɗe, shi ne garkuwa: da shi ake auna nisa, a tare bugu, a ture, a rufe wa abokin karawa ido. Hannun zare kuwa yana can baya a ɗane. In lokacin bugu ya yi, ƙafar baya ce ke tunkuɗa ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, kafaɗa ta zo, sannan dunƙulen ya iso a ƙarshe. Yaron da bai koyi wannan jeri ba da kafaɗa da gwiwar hannu kaɗai yake bugu. Naushinsa ba nauyi, gaɓoɓinsa kuma su ke biyan bashin.

Shi ya sa gwanin maigida kan daɗe yana gyaran tsayuwa da taku kafin ya bari yaro ya saki hannu da ƙarfi. Garkuwa ake fara koya, domin wanda bai iya karewa ba ba zai daɗe a fili ba balle ya koyi sauran. Bayan ita sai haƙuri. A dambe turmi uku ake yi, kuma hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. Naushi ɗaya mai kyau ya isa. Wanda ke watsa naushi barkatai yana gajiyar da kansa, yana kuma cutar hannunsa, domin naushin da ya sami iska ya fi wanda ya sauka illa ga gwiwar hannu: gaɓar takan miƙe da ƙarfi fiye da ƙima, babu abin da ya tare ta.

Naɗin zare kansa ilimi ne. A hannun mutum, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, akwai ƙashi 27, takwas daga ciki ƙanana ne da ke jere a wuyan hannu, biyar su ne dogayen da ke bayan tafi. Ba a halicce su don dukan ƙoƙon kai ba. Aikin mai naɗi shi ne ya mai da waɗannan gutsattsari su zama abu ɗaya. Yaro ya dunƙule hannu, a lulluɓe da ƙyalle, a bi shi da zare zagaye bayan zagaye, a ɗaure wuyan hannu yadda ba zai lanƙwashe ba in naushi ya sauka. In naɗin ya yi sako-sako, ƙasusuwa za su watse a ciki. In ya yi tsanani, jini ya tsaya, yatsu su mutu, yaro ya daina jin abin da ke faruwa da hannunsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan siririn mizani da ba a auna shi da komai sai yatsun wanda ya daɗe yana yi. Za ka ji yana naɗi yana tambaya: "Ya kama? Yana cizo?" Da an tashi wasa kuma abu na farko shi ne a kwance, a duba, a murza.

Ƙashi ɗanye

A nan ne ake gane maigida na gaske. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana iya yin tsawon babansa, muryarsa ta buɗe, dantse ya fito, amma ƙashinsa bai gama nuna ba. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani yanki na guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan yanki ya fi sauran ƙashin rauni, ya ma fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, kuma a wurin maza ba ya rufewa sai wajen shekara 15 zuwa 18, wasu ma har su ɗan haura. Akwai shi a kafaɗa, akwai a gwiwar hannu, akwai a wuyan hannu, wato duk inda naushi ke ratsawa. In aka matsa masa da bugu kullum, yana iya tsagewa ko ya rufe kafin lokaci, hannu ya tashi a karkace ko ya zauna da ciwo har tsufa.

Manomin Ƙetare ya san wannan a jikin shanunsa. Komai ƙibar ɗan maraƙi ba a ɗaura masa garma, sai an bari ƙashinsa ya yi ƙwari, a fara saba masa da karkiya, ya ja abu marar nauyi, sannan ya shiga huɗa. Wanda ya yi gaggawa ya sami aikin damina ɗaya, ya rasa na goma.

Abin sha'awa shi ne wata al'umma mai nisa ta iso ga wannan darasi ta hanya mai tsada. A Amurka akwai wasan besbol, inda mutum ɗaya ke tsayawa ya jefa ƙaramar ƙwallo ga mai riƙe da gora daga nisan mita 18 da 'yan kai. Gwanayensu na jifan da ya kai gudun kilomita 150 a awa. Shi ma mai jifan nan jarinsa hannu ɗaya ne, shi ma daga ƙafa da ƙugu ƙarfinsa ke tasowa, shi ma kafaɗa da gwiwar hannu ne ke fara lalacewa. A shekarar 1974 wani likita, Frank Jobe, ya yi wa ɗan wasa Tommy John aikin da ba a taɓa yi ba: ya ciro jijiya daga ɗaya hannun ya maye gurbin wadda ta tsinke a gwiwar hannun jifansa. Tommy John ya dawo fili a 1976, ya ci gaba da wasa har 1989, aikin kuma ya ɗauki sunansa. Amma daga baya likitoci suka ga 'yan sakandare na ta cika ɗakunan tiyata suna neman aikin da ake jinyarsa shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi.

Da aka bincika, sai aka tarar babban dalili shi ne yawan jifa da rashin hutu. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa da ke Birmingham a jihar Alabama ta bi yara masu jifa 481 har shekara goma, ta fitar da sakamako a 2011: waɗanda suka yi jifa a zagayen wasa fiye da 100 cikin shekara ɗaya sun ninka sauran sau uku da rabi wajen haɗarin mummunan rauni. Tun 2007 babbar ƙungiyar wasan yara ta ƙasar ta fara ƙidayar jifa, a 2014 kuma hukumomin wasan suka fitar da ƙa'ida ga kowa. Ɗan shekara 9 zuwa 10 kada ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 kada ya wuce 85, ɗan 13 zuwa 14 kada ya wuce 95. Wanda bai haura 14 ba, in ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana huɗu. A shekara kuma a ba hannu hutun wata huɗu daga gasa, biyu ko uku daga ciki a jere ba jifa ko kaɗan.

Hutun wata huɗu a shekara shi ne abin da damina ke ba ɗan damben ƙauye kyauta. Tsofaffin iyayen gida ba su da alƙaluma, amma suna da ido. Sun san yaron da garkuwarsa ta fara sauka, wanda takunsa ya yi nauyi, wanda ke yarfe hannu bayan kowane naushi, ya gaji ko da bakinsa na cewa bai gaji ba. Gajiyayyen hannu shi ke karyewa.

Zaɓen abokin karawa

Damben gargajiya bai san awon nauyi ba. Da kirari ake neman juna, wanda ya ji zai iya ya fito. Wannan ya sa nauyin kare yaro duka yana wuyan maigidansa. Kalangu na zuga, 'yan kallo na ihu, jinin saurayi na tafasa, wani ƙato daga wancan ɓangare ya zo ya tsaya a gabansa ya miƙa hannu. Yaro ba zai taɓa cewa a'a ba, kunya ba za ta bar shi ba. Maigida ne zai riƙe masa wuyan hannu ya ce, "Ba naka ba ne, bari sai baɗi." Zai sha gori, za a ce ya ɓoye yaronsa. Ya gwammace gorin dare ɗaya da ya kwashi yaro a sume.

Gwani yana hawa da yaronsa mataki mataki. Ya fara da sa'o'insa a damben yara da ake buɗe fili da shi. Ya haɗa shi da bahago don ya saba da naushin da ke zuwa ta inda bai zata ba. Ya haɗa shi da dogo don ya koyi shiga ciki, da gajere don ya koyi tsare nisa. Wani lokaci da gangan zai ba shi wanda ya ɗan fi shi kaɗan, domin wanda bai taɓa shan ƙasa ba bai san kansa ba. Abin da ba ya yi shi ne ya sayar da yaro ga babban suna don kuɗin fito.

Ranar da birni ya yi kira

A Amurka masu farautar 'yan wasa na jami'o'i kan zo da na'urar auna gudun ƙwallo, yara su yi ta jifa iya ƙarfinsu don a gan su a ba su gurbin karatu, kuma da yawa a nan suke ƙone hannunsu. Abin ya kai ana yi wa 'yan shekara goma sha huɗu alkawari, har a 2023 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta hana manyan jami'o'i tuntuɓar ɗan besbol sai ya kai shekara biyun ƙarshe na sakandare.

Mu namu masu farautar su ne masu gidajen dambe, na'urarsu kuma wayar hannu ce. Kisa ɗaya mai kyau a wani ƙauye, wani ya ɗauka ya sa a Facebook ko TikTok, kafin mako ya zagayo an kira waya daga birni. Ga filin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, ga gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, ga Maraba a jihar Nasarawa, ga gidajen Legas. Akwai damben mota da na babur. Tun 2017 tashar Dambe Warriors ta kai wasan idon duniya ta YouTube, kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu shi ma ya shigo, kuma irin waɗannan sababbin gasanni sun kawo awon nauyi da ƙayyade lokacin turmi da ma'aikatan lafiya a bakin fili. Dambe na cikin wasannin gargajiya da jihohi ke karawa a kansu a gasar wasanni ta ƙasa. Ƙofofi sun buɗe, kuma alheri ne.

Sai dai gidan damben birni bai san damina ba. Kusan kullum da yamma ana sa zare, rani da damina, kuma wanda bai shiga fili ba bai sami na abinci ba. Ga kuma halin da yankinmu ya shiga. Tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, rashin tsaro ya riga ya takura taron dare da tafiyar ƙauye zuwa ƙauye a sassa da dama na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. In filin gida ya yi shiru, matakin tsakiya ya ɓace, yaro ya tsallaka daga dandali kai tsaye zuwa gaban manya. Wannan ne ya ƙara wa aikin maigida nauyi a zamaninmu.

Maigida na ƙwarai ba ya hana yaronsa tafiya, amma ba ya sakinsa da ka. Yana tambaya: a hannun wa zai zauna? Sau nawa zai shiga fili a mako? Wa ke zaɓa masa abokin karawa? In ya ji rauni wa zai biya magani, kuma zai ci abinci a kwanakin jinya? In akwai takarda, a nemo mai ilimi ya karanta kafin a sa hannu. Yana kuma tsayawa kai da fata yaro ya riƙe wani abu bayan dambe, karatu ko fawa ko noma ko wata sana'ar hannu, domin shekarun ɗan dambe a fili ƙidayayyu ne, rayuwar da ke bayansu kuwa doguwa ce.

In hannu ya yi magana

Duk taka-tsantsan, wata rana rauni zai zo. A nan gwaninta ita ce sanin wane ciwo ne na gajiya, wane ne na ɓarna. Tsamin nama da ke wucewa bayan kwana biyu ba abin damuwa ba ne. Amma akwai alamun da ba a wasa da su. In ƙullin bayan hannu na ƙaramin yatsa ya lotsa, ya kumbura, to yawanci dogon ƙashin da ke bayansa ne ya karye, karayar da likitoci suka sani da ta 'yan dambe. In ciwo ya zauna a ɗan ramin da ke gindin babban yatsa, kada a ce targaɗe ne a wuce: akwai ƙaramin ƙashi a nan da jini bai cika isa gare shi ba, in ya tsage ba a kula ba yana iya ƙin haɗewa har abada. Kafaɗar saurayi kuwa in ta goce sau ɗaya, tana saurin sake gocewa in ba a yi mata cikakkiyar jinya ba.

Maɗoran gargajiya sun yi wa al'umma hidima tun kaka da kakanni, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Amma yatsa ba ya ganin cikin gaɓa. Maigida mai hangen nesa yakan fara da hoton ƙashi a asibiti, in abin ya shafi gaɓa ko ya fi ƙarfin na kusa a wuce gaba, har asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959. In an yi ɗori kuma yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko suka fara baƙi, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, ɗaurin ya yi tsanani, a sassauta a nufi asibiti a ranar. Hannaye da yawa an yanke su saboda jinkirin kwana biyu.

Abu biyu ne maigida na gaske ba ya yarda da su. Na farko ƙwaya, irin su tiramadol, da ake sha don kada a ji zafi. Zafi shi ne muryar hannu, wanda ya toshe ta zai yi ta bugu da karyayyen ƙashi bai sani ba. Na biyu tsaga da aska ɗaya ga mutum da yawa, domin ta nan ciwon hanta da wasu cututtukan jini ke bi. Kai ma yana da hakkinsa: a damben zamani na masu yi don sha'awa, wanda aka sumar ba ya komawa fili sai bayan kwana 30 aƙalla. Yaron da ya sha kisa ya tashi da jiri ko amai ko mantuwa, likita yake buƙata, ba ramuwa gobe ba.

Dawowa daga jinya ita ce jarrabawa ta ƙarshe. Ƙashin bayan hannu kan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida, amma haɗewa daban, iya ɗaukar naushi daban. Sai a fara da buɗe yatsu da dunƙulewa, a koma matsa abu mai laushi, a taɓa buhu a hankali, a ƙara nauyi kaɗan kaɗan. A duk tsawon lokacin ƙafa da ƙugu ba sa hutawa, ana gudu, ana gyaran taku, ana ƙara wa garkuwa kaifi. 'Yan dambe da yawa sun dawo daga jinya sun fi da iya wasa, saboda a watannin da aka hana su bugu ne suka koyi kallo.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Wannan ilimi yana ƙirjin dattawa ne, ba a rubuce yake ba, kuma yana iya tafiya da su. Ya kamata sarakunan dambe da sarakunan fawa na Ƙetare da kewaye, tare da masu gidajen wasa, su mai da shi ƙa'ida da kowa zai bi: a raba yara da manya bisa shekaru da nauyi, a riƙe littafi a rubuta ranar da kowane yaro ya sa zare da turmi nawa ya yi, a ajiye masa watannin hutu a shekara ko da yana birni, a ware wani abu daga kuɗin ƙofa don hoton ƙashi da magani. Ba abu ne mai tsada ba, littafi ne da biro da mutum mai faɗa a ji.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ya nuna sha'awar zare, kada ku tambayi motoci nawa gidan ya ci. Ku je ku dubi tsofaffin yaran maigidan, waɗanda suka riga suka ajiye wasa. In hannayensu na riƙe fartanya da wuƙar fawa, suna ɗaukar 'ya'yansu, hankalinsu kuma garau, to kun sami gwani, ku ba shi ɗanku da zuciya ɗaya. In ba haka ba, ku riƙe abinku.